Kwana Huɗun da Na Ba 'Ya'yan Kifi

Lidiya, Bulus, wannan shi ne babin da na yi ta tsallakewa. Na ba ku labarin ƙuruciyata a kan dutse, na ba ku na aurena da babanku Yakubu, da yadda aka kawo mana gawarsa daga gona shekarar da masu bindiga suka fara tsallako iyaka. Saura shekarar da kakarku ta rasu ban iske ta da rai ba. Magana biyu kuka taso kuna ji. A Mora, ƙanena, Kawunku Ayuba, yana cewa uwarku ta zaɓi kifi ta bar uwarta. A Garwa kuwa, ni na gaya muku mai gidan da nake yi wa aiki ne ya hana ni tafiya. Yanzu sukari ya ci ƙarfina, idona ya fara gazawa, ga yadda abin ya faru. Da Hausar coci nake rubutawa, tunda yarenmu na dutse bai zauna a bakinku ba, ni kuma Faransanci bai zauna a hannuna ba.

Bayan rasuwar babanku na kwaso ku muka sauko Garwa da buhun kaya ɗaya. Mama ta ƙi biyo mu. Iyakar abin da ta yarda da shi shi ne ta bar dutse ta zauna a gidan Ayuba cikin garin Mora. Wata mata a cocinmu ce ta samo mini aiki a unguwar Rumde Ajiya, gidan wani mai shagon magani da kowa yake kira Dokta Mamuda, ko da yake ba likita ba ne. Kakanninsa fatake ne da suka zo daga Kano, shi ya sa Hausa ake yi a gidan, Fulatanci sai an fita waje. Matarsa Hajiya Balki mace ce mai faɗa da baki, amma ba ta riƙe mutum a ciki. Suka ba mu ɗakin nan na bayan gida kusa da tankin ruwa. Kun san shi. Aikina shara, wanki, wanke-wanke, da goge gilashin akwatin kifin da ke falo.

Akwatin ya kai tsawon ƙaramin gado. Ƙasansa yashin kogin Binuwai ne da aka wanke sau da yawa, a kan yashin an zuba kwanson katantanwa kamar talatin. Ranar farko na tsaya ina neman kifin ban gani ba. Sai da na yi shiru na daina motsi, sannan suka fara leƙowa daga cikin kwanson ɗaya bayan ɗaya. Babban cikinsu bai kai ƙaramin yatsana ba. Kalar yashi gare su, da siraran zane a jiki, idonsu shuɗi. Dokta ya ce daga wani tafki mai nisa ake samo su, Tanganika, kuma dangin karfasa ne. A leda aka kawo masa su daga Duwala ta jirgi. Hajiya ba ta taɓa yafe wa kifin nan ba.

"Ga Binuwai a bayan gari cike da giwan ruwa," in ji ta, "shi ya je ya sayo abin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba. Goge kawai, Maman Lidiya, kada ki kula su."

Na kula su. Mutumin da ke goge gilashi kullum da safe dole ya ga abin da ke ciki. Na ga yadda kifi zai cika baki da yashi ya je gefe ya tofar, ya dawo ya ƙara, har ya binne kwansonsa sai baki kawai a waje. Na ga kowa ya san nasa, in maƙwabci ya matso sai ya buɗe ƙayoyin bayansa ya tare shi. Ko hannuna na sa a ruwan, wani ɗan mitsitsi zai zo ya cije ni. Ta-macen kan shige kwanso ta daɗe, in ta fito sai ta tsaya a bakin tana fifita ruwa da fikafikanta. Bayan kwana goma ko fiye, sai ka ga wasu abubuwa kamar gashin ido suna kwance a bakin kwanson, ba ka gane su sai sun motsa. 'Ya'yan ke nan. Sau uku suka fito a shekarata ta farko, sau uku suka ɓace cikin mako ɗaya. Dokta ya karanta littattafansa na Faransanci, ya ɗiga magani a ƙananan kwalabe yana duba kalar ruwa, bai gano komai ba.

Ni na gano, kuma ba da wayo ba. Akwai injin tace ruwa a gefen akwatin, mai soso a ciki, ni ke wanke soson. Wata rana na matse shi a farin kwano maimakon bokiti, sai na ga 'ya'yan kifin a ciki, matattu, sun fi goma. Injin ne yake zuƙe su. Na yi kwana biyu ina tsoron faɗa, don kada a ce ni na kashe su. Da na faɗa, Dokta ya dafe kai ya zauna a kujera. Na yanko guntun tsohon gidan sauro, na ninka, na ɗaure a bakin bututun injin da zare. Na kuma ce masa abincin da yake zubawa ya fi ƙarfin bakinsu, kamar a ba jariri ƙullin tuwo ne. Na fara murza shi tsakanin yatsu har ya zama gari. Daga haihuwa ta huɗu, bakwai suka rayu.

Daga nan akwatin ya dawo hannuna. Dokta ya sa aka aiko masa da wani gwangwani mai ƙwan ƙwarin ruwa, kamar garin barkono. Nakan zuba kaɗan a kwalbar ruwan gishiri in sa bututun iska, kwana ɗaya da yini sai su ƙyanƙyashe, ja-ja suna yawo. In tace da hankici, in ɗauraye gishirin, in zuƙa da sirinji marar allura in ɗiga a bakin kowane kwanso. In cikin ɗan kifi ya yi ja, ya ci ke nan. Ruwan famfo kuwa sai ya kwana biyu a bokiti warin magani ya fita kafin in zuba, kuma kaɗan nake canzawa, ba duka ba. Wanda na janye sai na duba shi a farin kwano tukuna, ko akwai ɗan kifi a ciki. Abin da ya fi ba ni mamaki, manyan ba sa cin ƙananan. 'Ya'yan fari suna nan, na biyu su fito a cikinsu, kowa ya matsa wa wani, kamar gidan gandu.

Wata safiya Dokta ya tsaya a gaban akwatin da jakarsa a hannu, ya nuna wata ta-mace da ta ƙi fitowa.

"Maman Lidiya, ke me kike gani?"

Ku yi haƙuri in tsaya a kan wannan. Shekarata ta haura arba'in a lokacin. Ubana bai taɓa tambayata abin da nake gani ba. Babanku mutumin kirki ne, amma shi ma bai taɓa ba. A coci mukan zauna a gefen mata mu ce amin. Ga mutum mai karatun Yawunde yana jiran amsata, kuma abin da na faɗa shi ya yi. In baƙi suka zo suna yaba kifin, ba ya ɓoyewa, yakan ce hannun Maman Lidiya ne. Shi ya yi magana aka ɗauke ki a lise, wato sakandare, Lidiya. Shi ya ba da maganin Bulus lokacin da shawara ta kama shi. Ina faɗin wannan ne don na zalunci mutumin nan a bakina, kuma na daɗe ina yi.

A bazarar shekara ta uku abin ya faru. Kun san zafin Garwa kafin ruwa ya sauka, lokacin da ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu, wuta kuma ta yini ba ta dawo ba. In wuta ta ɗauke, injin iska ya tsaya, ruwan ya ɗumame, kifin su taso sama suna haki. Nakan jera gorunan ruwa a firji su daskare, in riƙa sa ɗaya a akwatin yana yawo, in ya narke in canza. In lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen zane. In ɗauki ludayi in riƙa ɗebo ruwan ina tsiyayawa daga sama don iska ta shiga, har kafaɗata ta mutu. A makon nan mata huɗu suka fito da 'ya'ya kusan a tare, ba mu taɓa samun haka ba. A makon nan kuma Dokta ya tafi Yawunde taron masu sayar da magani.

Ranar Talata da hantsi ina shanya, wayata ta yi ƙara. Ayuba ne.

"Yaya, Mama ta kwanta. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Sunanki take kira."

"Kun kai ta asibiti?"

"Mun kai, sun ba da magani sun ce mu dawo gida. Yaya, wannan karon ba irin na da ba ne. Ki taho."

Gaskiya ne sau biyu ya taɓa kirana haka. Na farko na kwashi jiki na tafi, na tarar da ita zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na biyu ban je ba, kuma ta warke. Wannan na riƙe a raina kamar wata hujja. Na shiga na gaya wa Hajiya, tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan.

"To me kike jira? Je ki haɗa kayanki. In kin hanzarta za ki samu motar azahar ta Marwa. Yara su ci a nan, su kwana a ɗakin baƙi."

"Hajiya, kifin fa?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Kifi? Uwarki ce fa, Maman Lidiya. Nuna mini garin, zan watsa musu."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da sabon turmin atamfa da kwalin sukari, ta ce in kai wa tsohuwa. Ni kuwa na ce bari dai in gaya wa Dokta. Babu wanda ya sa ni. Ni na nemi lambarsa na kira. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba, don na maimaita shi a raina fiye da addu'ar Ubangiji.

"Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya. Ki ji, Maman Lidiya, ban hana ki ba. In kin ga tafiya yau ita ce daidai, ki tafi. Sai dai ranar Asabar ina nan, kwana huɗu ke nan. In kin ga za ki iya jira, ni zan sa direba ya kai ki har ƙofar gida. Ke kika san jikin mahaifiyarki."

Na ce zan jira.

Hajiya ta ji. Ta karɓi wayar daga hannuna ta yi wa mijinta faɗa da Fulatanci, wanda take yi in ranta ya ɓaci sosai. Da ta gama ta juyo kaina.

"Rabu da shi. Shi namiji ne, wasansa yake tunani. Tafi, in ya yi magana ni ce."

Na ce mata ai kwana huɗu kamar gobe ne. Ta girgiza kai ta koma kan shinkafarta.

Abin da na gaya wa kaina ranar shi ne saboda ku nake yi. In kifin suka mutu Dokta zai yi fushi, in ya yi fushi mu rasa ɗaki, Lidiya ta rasa lise. Wannan magana tana da kyau a kunne, na kuma sha faɗa wa kaina ita. Amma na san mutumin, ba zai kore mu a kan kifi ba. Dalilan gaskiya biyu ne. Na farko, ina tsoron Mora. Tun daga Marwa, da an fara ganin duwatsun nan da shingayen sojoji, sai in riƙa ganin tabarmar da aka naɗo babanku a ciki. Na biyu ya fi muni. Da Hajiya ta ce za ta watsa musu gari, raina ne ya ɓaci. Watsawa! Ita da ba ta san wane kwanso ke da 'ya'ya ba, ba ta san a sa ƙanƙara ba. Abu ɗaya ne a duniya da na iya wanda wani bai iya ba, ban so in miƙa shi ga kowa ba, ko na kwana huɗu.

Ranar Laraba Ayuba ya kara wa Mama wayar a kunne. Muryarta ta yi siriri. Ta kira ni da sunana na dutse, wanda babu mai kirana da shi sai ita. Ta tambayi lafiyarku. Ta tambaya ko an fara hadari a Garwa. Na ce ina nan tafe, Mama, ranar Asabar. Ta ce to. Ina maganar, ludayi yana ɗaya hannun, don wuta ta ɗauke tun safe. Na katse da wuri saboda gorar ƙanƙara ta narke.

Ranar Alhamis Ayuba ya sake kira, ya ce ta daina tashi zaune.

"Me ya riƙe ki, Yaya? In kuɗin mota ne ki faɗa."

"Ba kuɗi ba ne. Maigida ba ya nan, ya ce in jira shi."

"Ki jira shi ki yi masa me? Matarsa ba ta nan?"

"Akwai 'ya'yan kifi da suka fito. In na tafi mutuwa za su yi."

Sai ya ce, "Kifi." Ya kashe wayar. Ranar Juma'a na kira sau shida bai ɗauka ba. Na ce fushi ne. Na ce in da wani abu ai da ya kira.

Dokta ya sauka ranar Asabar bayan la'asar, jirgi ya yi latti. Ya tambayi jikin Mama tun daga ƙofa, sannan ya wuce wurin akwatin, ya durƙusa yana ta murna. Ko ɗaya bai mutu ba. Ya cika alkawari, amma direban ya ce ba a bin hanyar Mora da yamma, sai muka tashi Lahadi da sassafe. Na riƙe atamfar Hajiya da sukarin a cinya. Muka wuce Gider, muka wuce Marwa, ina ta kiran Ayuba wayarsa a kashe. A shinge uku aka sauke mu aka duba katin shaida. Da muka karya kwanar unguwarsu na hango rumfar zana a ƙofar gida, mata a kan tabarmi, na ji waƙar da muke yi wa mamaci. Ashe Mama ta cika ranar Juma'a da rana. Saboda zafi, Asabar da safe aka binne ta. Lokacin ina Garwa ina tace ƙwarin ruwa da hankici.

Ayuba ya taso daga cikin maza. Ni na goye shi yana jariri, a bayana ya yi ta fitsari. Bai yi mini yarenmu ba. Da Hausa ya yi, da ƙarfi, don maƙwabta da 'yan kasuwar da suka zo gaisuwa su ji.

"Madam, sannu da zuwa. An zo da mota. Yaya kifin, sun kwana lafiya?"

Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya tsawata masa. Matarsa Saratu ce ta kama hannuna ta ja ni cikin gida, ta ba ni ruwa, ta sa mini abinci. Na ce masa daga baya me ya sa bai kira ya gaya mini ba. Ya ce ya kira ni tana da rai, wannan ya isa. Mako uku na yi a Mora. Bai raka ni kabarin ba, Saratu ce ta kai ni. Atamfar Hajiya na bar wa Saratu.

A motar dawowa, ku ji abin da nake tunani, don na yi alkawarin ba zan ɓoye ba. Ina tunanin zan tarar da akwatin ya zama kabari shi ma. Zafi bai ragu ba, wuta tana ɗaukewa kamar kullum, mako uku babu ni. Kuma wani ɓangare na zuciyata yana son hakan. In sun mutu, to kwana huɗun nan suna da dalili. Zan iya cewa kun gani, da na tafi tun Talata da haka za a yi.

Na shiga falo na tarar da akwatin yana motsi ko'ina. 'Ya'yan sun girma, zane ya fara fito musu, suna shawagi a saman kwanson kamar sauro. Wata ta-macen ma ta sake fito da sababbi. Kwalbar ƙwarin ruwan tana gefe, ta bushe, gishiri ya kama gindinta. Hajiya ta yi mini gaisuwa da hawaye, ta riƙe hannuna ta daɗe. Na tambaye ta wa ya kula da su.

"Ni mana. Shi ai yana shago. Sau ɗaya a rana nake murza musu garin nan, in na tuna. Ran da zafi ya yi yawa na jefa gorar ƙanƙara ɗaya. Ban iya wannan tsiyaye-tsiyayen naki ba."

Dokta ya shigo ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Amma mutum ne da ba ya iya riƙe murnarsa. Ya ja ni gaban gilashin yana nuna mini.

"Dubi, Maman Lidiya! Ashe in sun wuce kwanakin farko ƙarfi gare su. Suna tsintar abinci a cikin yashi da kansu. Ashe ba sai an..."

Ya tsaya. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙasa. Hajiya ta ce masa ana kiransa a waje, alhali babu mai kira. Na wuce bayan gida na tarar da kwanuka, na zauna na wanke.

Da yammar nan ce kuka zauna a gabana a ƙofar ɗaki. Ke Lidiya kika ce 'yar Kawu ta gaya miki a waya wai saboda kifi ban ga Kaka ba, gaskiya ne? Idonki irin na Mama ne. Na buɗe baki na ce Dokta ne ya hana ni, ya ce in na tafi kada in dawo. Kika yarda nan take, don kina so ki yarda. Daga ranar ba ki sake gaishe shi da fuska a sake ba. Da kika gama lise ya ce zai sa ki a shagonsa ki koyi aikin magani, kika ƙi, kika gwammace ki yi shekara biyu kina sayar da katin waya a rana. Ina kallo, na san dalili, ban buɗe baki ba. Da ya rasu kika ce ba za ki je gaisuwa ba, na tafi ni kaɗai. Hajiya tana nan da rai a gidan ɗanta. Ta san abin da na gaya muku, don bangon ɗakinmu ba shi da kauri, kuma ba ta taɓa tona ni ba. Ki je ki gaishe ta.

Shekara shida na ƙara a gidan ina ciyar da kifin. Sun yi yawa har Dokta yana rabawa a kwalaben mayonez ga duk wanda ya nuna sha'awa. Ban sake ƙyanƙyasar ƙwarin ruwa ba, shi ma bai tambaya ba. Da ciwo ya kama shi aka kwashe su aka ba wani otal, akwatin ya koma ma'ajiyar kwanukan Hajiya. Ni da Ayuba kuwa, mukan gaisa a biki ko jana'iza kamar mutanen da suka taɓa zama unguwa ɗaya. Kada ku riƙe shi. Abin da ya faɗa ya fi nawa kusa da gaskiya.

Bara Saratu ta zo Garwa a yi mata aikin ido, ta sauka a wurina kwana tara. Tsufa ya kama mu duka. Ranar da aka cire mata bandeji na sayo karfasa a bakin gada don in yi mata miya. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kallona ina kankare ɓawon, sai ta ce akwai abin da ta daɗe tana riƙe da shi, ba ta san ko alheri ne ta faɗa ba. Na ce ta faɗa.

"Ranar Alhamis ɗin nan, da Baban yara ya kashe waya, ya shigo ɗaki a fusace. Mama ta buɗe ido ta ce, me yayarka ta ce? Ya ce, tana can tana fama da kifi. Ya fice. Ni na zaci ba ta ji ba. Sai na ga tana murmushi. Kin san mu a dutse, kifi sai shekara-shekara. Ta ce mini, kin ji, kifin Garwa take shiryo mini, shi ya sa ta daɗe. Ta ce in sauko da busasshiyar kuɓewa in daka, in wanke ƙaramar tukunya."

Na ajiye wuƙar.

"Ba ki gaya mata ba?"

"In ce mata me, Yaya? Na daka. Juma'a da safe na dama mata kunu, ta kau da kai. Ta ce a'a, za ta bar wuri, miyar tana zuwa."

Ƙudaje suka taru a kan kifin, babu wadda ta kore su a cikinmu. Ban san abin da ya sa na yi tambayar ba, amma na yi. Na ce kuɓewar fa, ina ta tafi.

"Ita muka kaɗa wa baƙi ranar Lahadi," in ji Saratu. "Ita na zuba miki da kika iso. Kin ci."